Sit ɗin babur da doguwar tafiya: wanne zan saya?

"Assalamu alaikum malam. Ina da babur da nake doguwar tafiya da shi, wani lokaci kilomita 400 ko fiye a yini ɗaya. Matsalata sit ɗin da ya zo da shi. Awa ta farko lafiya lau, amma da na shiga ta biyu sai mazaunaina su ɗau zafi kamar na zauna a kan garwashi, can kuma cinyata ta dama ta fara minjirya. Na sa an ƙara mini soso mai laushi, na ji daɗi na mako biyu, yanzu abin ya dawo har ya fi na da. Ina so in sayi wani sit daban. Wanne ya fi, mai jel, ko mai iska, ko a ɗinka mini na musamman? Ni ba dogo ba ne, kuma wani lokaci nakan goya matata."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi tambaya ɗaya, amma abubuwa uku ne a cikinta: abin da ke kawo zafin, dalilin da ya sa sosan da aka ƙara maka bai yi aiki ba, da kuma sit ɗin da zai ɗauke ku kai da uwargida ba tare da ƙafarka ta daina kaiwa ƙasa ba. Na daɗe ina kwance sit ina sake gina shi, kuma ni ma mahayi ne mai yini a kan hanya, saboda haka abin da zan faɗa maka ya fito ne daga hannuna da kuma jikina. Zan fara da sosan nan naka, domin a nan kusan kowa yake kuskure.

Laushi daban, jin daɗi daban

Idan mutum ya zauna, nauyin gangar jikinsa yana sauka ne a kan ƙasusuwa biyu da ke ƙasan ƙugu. Ka zauna a kan benci ka sa tafin hannu a ƙarƙashinka, za ka ji su kamar duwatsu biyu. Fata da tsokar da ke tsakanin waɗannan ƙasusuwa da abin zama su ne ke shan matsi. Idan matsin ya taru a ɗan ƙaramin wuri kuma ya daɗe, ƙananan hanyoyin jinin wurin sukan matse, jini ya kasa zagayawa yadda ya kamata, jiki ya fara kuka. Wannan kukan shi ne garwashin da kake ji a awa ta biyu. Aikin sit mai kyau shi ne ya raba nauyin nan, ya shimfiɗa shi a kan mazaunai gaba ɗaya har zuwa farkon cinya, kada ya bar ƙasusuwa biyu su ɗauki kayan su kaɗai.

To, soso mai laushi me yake yi? A minti biyar na farko yana rungumarka, ka ji kamar an yi maka gata. Amma nauyinka da girgizar hanya suna ta danna shi, bayan ɗan lokaci ya lotse gaba ɗaya, ƙasusuwan nan biyu su ratsa shi su isa kan farantin roba ko ƙarfen da ke ƙarƙashi. Ka koma zaman kan faranti ke nan, sai dai ba ka ganinsa. Abin bai tsaya nan ba. Da ka nutse, sosan da ke gefe da wanda ke tsakiya sai su taso su matse wuraren da ba a halicce su don ɗaukar nauyi ba, wato matsematsi da cikin cinya, inda jijiyoyi suke bi. Kuma wanda ya nutse cikin rami ba ya iya motsawa, ya kafe wuri guda, zufa ta taru. Shi ya sa ka ce abin ya fi na da. Mako biyun da ka ji daɗi shi ne lokacin da sosan ya ɗauka kafin ya mutu.

Akwai abu biyu da ake rikitawa a maganar soso, nauyinsa da taurinsa. Soso mai nauyi, wanda aka cika shi da kyau, shi ne mai daɗewa bai lotse ba. Tauri kuwa shi ne yadda yake turjewa idan an danna shi. Ana iya samun soso mai tauri amma marar nauyi, ya yi kyau a hannu ranar farko, bayan wata biyu ya zama kamar tsumma. Idan ana zaɓa, ina ɗaukar guntu biyu masu girma ɗaya in jijjiga su a hannu, wanda ya fi nauyi shi nake fara dubawa. Sannan in danna da tafin hannu gaba ɗaya, ba da ɗan yatsa ba, in ɗora nauyina a kai. In na ji teburin da ke ƙarƙashi, wannan sosan ba na ƙasan sit ba ne.

Sit ɗin da ya zo da babur kuwa ba mugunta kamfani ya yi ba. An yi shi ne don ya dace da kowa, dogo da gajere, mai jiki da siriri, ya yi kyan gani, kuma mai saye ya ji ƙafarsa ta taɓa ƙasa ranar da ya fara hawa. Hanya mafi sauƙi ta cimma wannan ita ce a siranta shi, a rage kaurin soso, a ɗan tudunta tsakiyarsa. Ga zirga-zirgar rabin awa babu laifi. Ga kilomita 400, sai ka ce mutum ya yini a kan gungume.

Ka fara sauraron ciwon kafin ka fitar da kuɗi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin in taɓa sit ɗin kowa, sai na sa ya nuna mini da yatsa ainihin inda yake ji, da kuma bayan minti nawa yake farawa. Kowane wuri da labarinsa.

Zafi a kan ƙasusuwan nan biyu yana nufin sit ɗin ya yi siriri, ko ya yi tudu a tsakiya, ko sosan ya mutu. Ciwo kamar an ja layi a ƙarƙashin cinya yana nufin gefen sit ɗin yana da kaifi, kusurwarsa tana yankarka. Minjiryar da kake ji a cinyar dama na iya fitowa daga nan. Amma tun da ɓari ɗaya ne, bari in tambaye ka: kana hawa da walat ko waya a aljihun baya? Na sha ganin mutum ya zo zai canza sit, ashe abin da ke aljihunsa ne ya karkata masa ƙugu yana danne jijiya. Ka kwashe komai daga aljihun baya ka gwada tafiya ɗaya tukuna.

Idan kana lura kana ta zamewa gaba kana manne wa tanki, duk bayan ɗan lokaci sai ka tura kanka baya, to gangaren sit ɗin ne matsalar. Wannan ita ce cutar da aka fi yawan samu kuma aka fi rainawa. Sit mai gangarowa gaba yana jan fatarka baya alhali jikinka yana tafiya gaba, yana tattare wando a matsematsi, yana tura nauyi kan wuyan hannu. Sau da yawa ɗaga hancin sit da santimita ɗaya ko biyu kawai yana kashe ciwon da mutum ya yi shekara yana fama da shi. Ciwo a ƙarshen ƙashin baya kuma yakan zo wa masu babur ɗin da ake miƙe ƙafa gaba, domin zaman yana kwantar da ƙugu baya. Su abin da suke bukata shi ne ɗan kwari a daidai wurin da kuma tudun da zai tokare bayan ƙugu.

In kuwa ciwon a gwiwa yake, ko a kafaɗa, ko a tsakiyar gadon baya, akwai yiwuwar ba sit ba ne kaɗai. Zaman babur abu uku ne a haɗe: inda ka zauna, inda ka ɗora ƙafa, da inda ka riƙe. Taɓa ɗaya yana canza sauran biyun. Ka ɗaga sit, gwiwa ta sami sararin miƙewa amma abin riƙon babur ya ƙara yi maka nisa, ya kuma koma ƙasa. Ka sauke shi, gwiwa ta ƙara lanƙwashewa, nauyi ya bar cinya ya koma kan ƙasusuwa.

Ga gwaji biyu da za ka yi a gida. Ka samo kwali mai kauri, ka ɗora a kan matakala ko benci mai tauri, ka zauna a kai da wando marar kauri, ka ɗan sunkuya gaba kamar kana riƙe da babur, ka jira minti ɗaya. Idan ka tashi za ka ga lotsawa biyu. Ka sa alama a tsakiyar kowace, ka auna tazararsu. A yawancin manya takan faɗa tsakanin santimita 10 da 15. Yanzu ka je ka auna shimfiɗaɗɗen wurin da kake zama a kan sit ɗinka, banda inda ya fara gangarowa gefe. In ya kasa tazarar ƙasusuwanka da ƙarin 'yan santimita a kowane ɓari, ka ga amsarka da idonka. Gwaji na biyu: ka naɗe tawul ka ɗaure a gaban sit, kusa da tanki, ka yi tafiyar awa ɗaya. In zamewar ta tsaya ciwon ya ragu, ka gano cewa gangare ne, ba laushi ba.

Abubuwan da ke gabanka

Mafi sauƙi shi ne abin ɗorawa a kan sit. Matashin iska, irin na Airhawk, yana da ƙananan aljihunan iska masu haɗe da juna, iskar tana gudu daga inda aka matsa zuwa inda ba a matsa ba. Yana aiki sosai wajen kashe zafin ƙasusuwa, amma da sharaɗi: iska kaɗan ake sa masa. Kusan duk wanda ya ce mini bai ji daɗinsa ba, na tarar ya hura shi tam kamar ƙwallo, yana ta lilo a kai. Ka hura, ka zauna, ka riƙa sakin iskar har sai ka ji saura ƙiris ka taɓa sit. Nan ne daidai. Aibinsa shi ne yana ɗan raba ka da jin babur a kwana, kuma yana ƙara tsayi kaɗan. Fatar tunkiya mai gashi ba ta gyara siffar sit, amma tana barin iska ta ratsa, tana rage zufa da gogayya, sai dai in ruwa ya jiƙa ta takan daɗe ba ta bushe ba. Shimfiɗar 'ya'yan katako ma aikinta ke nan, shigar da iska.

Jel da ka ambata, wato wani abu mai danƙo da laushi da ake sakawa a sit, ra'ayina a kansa ba mai ƙarfi ba ne. Yana rage girgiza, kuma idan an binne shi siriri a cikin soso a daidai ƙasusuwa yana taimakawa. Amma yana da nauyi, yana riƙe zafi in babur ya tsaya a rana, yana riƙe sanyi da asuba, kuma ba ya matsewa kamar soso, gefe kawai yake gudu. Babban abin shi ne jel ba ya faɗaɗa sit siriri, ba ya gyara gangare. In siffar ba daidai take ba, ka sa jel ka sami sit mai nauyi da ciwo iri ɗaya.

Na biyu shi ne a sake gina sit ɗinka a kan farantinsa na asali. Wannan ne aikina, saboda haka ka auna maganata da sanin haka. Amfaninsa shi ne farantin ya riga ya dace da babur, makullinsa yana kamawa, babu inda zai goge fenti. Yadda nake yi: soso mai tauri da nauyi a ƙasa, a sassaƙa shi ya yi faɗi a baya da ɗan kwari kamar tafin hannu, a zagaye gefunansa, sannan a ɗora siririn soso mai laushi a sama, kaurin yatsa ɗaya ko ƙasa da haka. Ba na rufe leda sai mai babur ya hau ya zagaya ya dawo, in sa alli in zana inda ya ce yana ji, in ƙara sassaƙa. Duk mai ɗinkin da ya ƙi yarda ka gwada kafin ya buga fil, ka nemi wani. Akwai kuma kamfanoni irin su Seat Concepts da ke sayar da soso sassaƙaƙƙe da ledarsa, kai ka ɗora a kan farantinka.

Na uku shi ne cikakken sit da aka ƙera don samfurin babur ɗinka. Corbin da Sargent da Mustang da Saddlemen sanannun kamfanoni ne daga Amurka, akwai Touratech da Wunderlich daga Jamus, da Bagster daga Faransa. Masu ƙera babura da yawa su ma suna sayar da sit na daban, mai faɗi ko mai ƙarancin tsayi. Kowanne da halinsa. An san Corbin da tauri da faɗi, har wanda ya fara zama a kai yakan yi tsammanin an cuce shi, sai ya yi ɗaruruwan kilomita kafin su saba da juna. Waɗannan sun fi na asali nesa ba kusa ba ga yawancin mutane, amma har yanzu don matsakaicin jiki aka yi su. Ka tabbatar da samfuri da shekarar babur ɗinka daidai, domin kamfani yakan canza wurin ɗaure sit tsakanin shekara da shekara. Ka kuma tambayi sharaɗin mayarwa kafin ka biya.

Na huɗu shi ne wanda ake ginawa don jikinka kai kaɗai. Russell Day-Long shi ne sunan da ya fi yawo a bakin masu cin dogon zango, irin waɗanda ke yin gwajin ƙungiyar Iron Butt na mil 1,000, kimanin kilomita 1,600, cikin awa 24. Ana aika wa masu ƙera shi farantin sit tare da nauyi da tsayi da hotunan mahayi zaune a kan babur ɗinsa, su gina sit mai faffaɗan fukafukai da ke tallabe mazaunai har gefe. Ba shi da kyan gani, kuma yakan ƙara tsayi. Ga wanda ya ce shi ba dogo ba ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tsayi, da mai zama a baya

A nan nake so ka yi taka-tsantsan, kada garin gyaran gira a rasa ido. Lambar tsayin sit da ake rubutawa ba ita ce duka labarin ba. Faɗin gaban sit, inda cinyoyi ke sauka in an tsaya, shi ke yanke hukunci ko ƙafa za ta kai ƙasa. Sit biyu na iya yin tsayi ɗaya, amma mai faɗin gaba ya buɗe maka ƙafafu ka koma tsayuwa da yatsu. Babur mai kaya da fasinja, a kan tsakuwa ko gangare, mahayi yana ɗage da yatsun ƙafa, faɗuwa ba ta da nisa. Siffar da ta dace da kai ita ce mai faɗi a baya inda kake zama in ana tafiya, siririya a gaba inda za ka matso in za ka tsaya. Kuma kada ka yarda a rage tsayi ta hanyar yanke soso kawai. Na taɓa karɓar sit da wani ya yanke har saura kaurin yatsa biyu don mai shi ya kai ƙasa. Ya kai ƙasa, amma ba ya iya minti arba'in a kai. Muka mayar da kaurin da soso mai tauri, muka fere gefunan gaba, ƙafarsa ta sauka kusan yadda take a da.

Uwargida kuma a tambaye ta da bakinta, kada a yi mata zato. Wurin fasinja yawanci ya fi na mahayi ƙanƙanta da ƙarancin soso, ga shi a kan tayar baya inda duka ya fi ƙarfi, kuma ba ta da abin riƙo a gaba kamar kai. Ita ma ta yi gwajin kwalin, domin ƙugun mata yawanci ya fi faɗi. Wurinta ya zama shimfiɗaɗɗe, kada ya gangaro gaba, in ba haka ba duk birkin da ka taka sai ta zamo ta tura ka kan tanki, ku biyun ku gaji. Leda marar santsi a ɓangarenta da ɗan majingini a baya sukan canza mata tafiyar gaba ɗaya. In za ku hau tare, ka ƙara taurin shok ɗin baya kamar yadda littafin babur ya nuna, ka daidaita iskar taya. Shok da ya nutse yana aika kowane rami kai tsaye zuwa ƙashin baya, babu sosan da zai tare wannan.

Maganar marufi a taƙaice: leda mai kyau tana jure ruwa kuma ba ta son hidima, fata ta fi shan iska amma tana son mai da kariya daga ruwa. Kada ɗinki ya bi ta inda kake zama. Kowane ɗinki ƙofar ruwa ce, don haka a shimfiɗa siririyar leda tsakanin soso da marufi, a buga da fil marar tsatsa. Sosan da ya sha ruwa yakan jiƙa wando kwana da kwanaki bayan an ɗauke ruwan, kuma ya ruɓe da wuri.

Abin da zan yi da ni ne kai

Ban ga zamanka a kan babur ba, ban san samfurinsa ba, saboda haka ba zan ɗora yatsa a kan suna ɗaya in ce shi ne naka ba. Sit ɗin da abokinka ke rantsuwa da shi na iya zame maka azaba, domin ƙugunku ba ɗaya ba ne. Amma ga tsarin da zan bi. Da farko in cire sosan nan mai laushi. In kwashe aljihun baya, in daina hawa da wando mai kaurin ɗinki a mazaunai, in sa gajeren wando na ciki marar ɗinki mai tsotse zufa, domin rabin abin da ake kira zafin sit zufa ce da gogayya. In yi gwajin kwali da na tawul, in sa a ɗauke ni hoto daga gefe ina zaune ƙafa a kan mataka, da wani ina tsaye ƙafa a ƙasa. Da waɗannan a hannu, ga mai tsayinka da ke goyo, sake gina sit a kan farantin asali shi ya fi ba da damar samun faɗi a baya da siranta a gaba da gyara wurin fasinja a aiki ɗaya. In babu gwanin da ka amince da shi, sai cikakken sit na kamfani wanda aka yarda a mayar. Ka adana sit ɗinka na asali in ka sayi sabo.

Duk wanda ka samu, kada ka yanke masa hukunci a zagayen minti goma, kuma kada ka fara shi ranar babbar tafiya. Ka ba shi tafiye-tafiye na awa biyu sau uku ko huɗu. Ka riƙa matsawa gaba da baya, ka ɗan ɗaga jiki a kan mataka inda hanya ta miƙe babu cunkoso, ka sauka ka taka ƙasa duk bayan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi tun kafin zafin ya fara, domin in ya riga ya kama ba ya saki da wuri.

Minjiryar nan kuma kada ka raina ta. In tana wucewa 'yan mintoci bayan ka sauka, matsi ne, gyaran sit zai iya magance ta. In tana kwana, ko tana sauka har tafin ƙafa, ko ƙafar tana rasa ƙarfi, ko kana jin matsematsi ya mutu bayan tafiya, wannan ya wuce aikin mai soso. Ka ga likita ya duba bayanka da jijiyoyinka kafin ka sake ɗaukar doguwar hanya.